Ƙofar kabad da ta ƙi zama a jikin injin wanki: nazarin aikin kwana 19 a wani gida a Landan

Asalin lamarin

Gidan na ƙanwata ne da maigidanta da 'ya'yansu uku, a ƙasan wani bene da ke gabashin Landan. Kamar yawancin gidajen Ingila, injin wankinsu a kicin yake. Banɗakunan can ƙanana ne, ƙa'idar wutar lantarki ta takura sanya soket kusa da wurin wanka, ga shi kuma bututun ruwa da na magudana duk suna kicin. Don kada inji ya tsaya fari fat a tsakiyar jerin kabad, ana ƙera wani iri da ake turawa ƙarƙashin kanta, wato teburin da ke saman kabad ɗin, a rufe fuskarsa da ƙofa irin ta sauran kabad ɗin. Baƙo ba ya gane inda yake sai ya ji ƙararsa.

Sai an buɗe ake ganin cewa babu kabad a wurin. Gurbi ne mai faɗin milimita (mm) 600 tsakanin kabad biyu, injin yana tsaye a ƙasa da ƙafafunsa huɗu. Ƙofar a jikin injin take rataye, da hinjis biyu a hagu da maganaɗisu a dama. Duk inda injin ya karkata, ƙofar za ta bi shi.

Awon kicin ɗin irin wanda aka saba ne a Birtaniya. Daga ƙasa zuwa ƙarƙashin kanta mm 870, allon da ke rufe ƙafafun kabad mm 150. Kowace ƙofa tsayinta mm 715, faɗinta mm 597, kaurinta mm 18, ta katakon MDF, wato garin katako da aka matse, mai rufin leda ruwan toka, mariƙinta a kwance a tsakiyar sama. Kicin ɗin ya kai shekara goma, an daina yin irin ƙofar.

Ni na koyi kafinta a Kano kafin in zo ƙasar nan, shi ya sa duk wani aikin katako a dangi ni ake kira. Amma ina zaune nesa da su, kwana goma sha biyun farko ta waya na bi lamarin.

Rana ta 1, Talata: an kawo sabon inji

Tsohon injin ya mutu a watan Oktoba, aka sayi sabo mai cin kilo 8 na kaya, mai juyi 1400 a minti idan yana matse wanki. Ma'aikata biyu suka kawo shi, suka ɗauke tsohon, suka kwance notukan da ke riƙe gangar injin lokacin tafiya, suka haɗa tiyon ruwa da na magudana, suka tura shi cikin gurbi. Da suka zo kan ƙofa, suka gwada, suka ce ramukan da ke bayanta ba su dace da sabbin hinjis ba, su kuma ba sa huda katako. Suka jingina ta da bango, suka bar leda mai ɗauke da hinjis biyu, maganaɗisu, ɗan farantin ƙarfe, sukurori da wata doguwar takardar awo a naɗe.

Ƙanwata ta lura injin ya ɗan leƙo waje fiye da tsohon. Ta ɗauka don babu ƙofa ne.

Rana ta 5, Asabar: gwada tsofaffin ramuka

Irin wannan hinjis yana da kai zagayayye kamar ɗan kofi, wanda ke nutsewa cikin rami mai faɗin mm 35 a bayan ƙofa. A ƙofar kabad ta yau da kullum kafinta ne ke zaɓar inda zai sa shi. A injin wanki kuwa an riga an huda ƙarfen injin tun daga masana'anta, kuma kowane kamfani da nasa awon.

Maigidan ya ɗaura hinjis biyun a jikin inji, ya ɗago ƙofa. Na sama ya shiga tsohon raminsa. Na ƙasa ya sauka kan katako, ƙasa da ramin. Ya auna: tsakanin tsofaffin ramuka mm 380, tsakanin sabbin hinjis mm 415. Ya gwada barin ƙofar a kan hinjis ɗaya don ya ga ko za ta tsaya, nan take ta langaɓe. Ya sauke ta.

Rana ta 6, Lahadi: takardar awo da huda

Da safe maigidan ya kira ni ya ce, "Yaya, akwai wata takarda da suka bari, mai zanen inda za a huda." Na ce masa ya bi ta, ya yi a hankali da zurfin rami.

Ya shimfiɗa takardar a bayan ƙofa, ya daidaita samanta da saman ƙofar kamar yadda zanen ya nuna, ya sa alama biyu: mm 163 da mm 578 daga sama. Tsofaffin ramukan suna mm 215 da mm 595. Wato sabon ramin ƙasa zai ci rabin tsohon, tunda mm 17 ne kacal tsakanin cibiyoyinsu. Ya ga haka, amma ya ce tunda takarda ta faɗa, haka ne.

Bakin huda da ya samu a shagon unguwa irin mai faɗi ne kamar cebur, mai dogon tsini a tsakiya. Ramin hinjis yana bukatar zurfin mm 12 zuwa 13 a katakon da duka kaurinsa mm 18 ne, saura mm 5 ke nan tsakanin rami da fuskar ƙofa. Tsinin irin wannan baki ya fi haka tsawo. Kafin ramin sama ya kai zurfinsa, tsinin ya ɓullo ta gaba. Hudar ba ta fi ƙwayar dawa ba, sai dai ledar da ke kewaye da ita ta kumbura ta yi fari, kuma a daidai inda ido ke fara sauka in an shigo kicin. A ramin ƙasa ya tsaya da wuri don tsoro, kofin hinjis bai nutse duka ba. Sabon ramin ƙasa da tsohon suka haɗe suka zama kamar lamba 8.

Duk da haka ya rataya ƙofar. Ta tsaya, amma ƙasa da maƙwabtanta da mm 42. Ta sama ana hango duhun da ke tsakanin inji da kanta, ta ƙasa kuma ta sauko ta rufe wani sashe na allon ƙafafu. Ban da haka, gindinta ya turo waje fiye da samanta.

Rana ta 7 zuwa ta 12: wanki da ƙofa a karkace

Gida mai yara uku ba ya jiran kafinta. Ƙanwata ta ci gaba da wanki kusan kullum. Duk lokacin da injin ya shiga matsa, ƙofar ta riƙa bugun ta kusa da ita, kaf-kaf-kaf, har sai an tokare ta da kujera. Maganaɗisun ba ya kamawa sai an danna. Maigidan ya ƙara ɗaure sukurori sau biyu, a karo na biyu na ƙasa suka fara juyawa a banza. MDF garin katako ne da aka matse da gam, in sukuru ya cinye wurinsa sau ɗaya ba ya sake kamawa, balle a gefen ramin da aka riga aka rarake.

Ya cusa tsinken ashana da gam a ramukan sukurun. Dabara ce mai aiki a katako mai lafiya, a nan ta riƙe kwana biyu. Ranar Asabar, rana ta 12, autar gidan ta rataya a jikin ƙofar tana leƙen kayan da ke juyawa, hinjis na ƙasa ya fizge da guntun katako a jikinsa. Allah ya kiyaye, ƙofar ba ta faɗo mata a ƙafa ba. Da daddare ƙanwata ta kira ni ta ce, "Yaya, don Allah ka zo ka gani da idonka."

Rana ta 13, Lahadi: awo kawai

Na zo da tef na awo, ma'aunin ruwa irin na magina, fitila da sifana. Ban ɗauko injin huda ba da gangan.

Na fara da abin da ya fi saurin kawo girgiza. Na nemi notukan tafiya, aka kawo min su huɗu a leda, na tura gangar da hannu ta yi lilo yadda ya kamata. Ba nan matsalar take ba.

Sai tsayi. Daga ƙasa zuwa saman injin, ta gaba, mm 825. Ƙofofin maƙwabta samansu yana mm 867, wato mm 3 ƙasa da kanta. Bambancin mm 42 ne, daidai da abin da ƙofar ta sauka. Takardar awon ta ɗauka cewa saman ƙofa zai yi daidai da saman inji, abin da ke yiwuwa a kicin da kantarsa ta sauko kusa da injin. A wannan kicin kanta tana mm 870, kuma ƙafafun injin wanki ba sa ɗaguwa da nisa haka.

Na ɗora ma'aunin ruwa a saman inji daga gaba zuwa baya, ƙwayar iskar ta gudo gaba. Muka jawo injin, ni da maigidan. Nauyinsa ya kai kilo 70, saboda tubalan kankare da ake ɗaurawa a ciki don su danne girgiza. Da na haska fitila sai na ga dalili. Wanda ya shimfiɗa tayil ya yi shi ne bayan an kafa kabad, ya tsaya kamar taƙi guda a bayan allon ƙafafu. Ƙafafun gaba suna kan tayil, na baya suna kan siminti, mm 9 ƙasa. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya kusan mm 450 ne, don haka mm 9 a ƙasa ya zama kusan mm 14 a tsawon ƙofa. Shi ne turowar gindin da ake gani. Kowace ƙafa tana da notin da ake matsewa sama ya kulle ta. Duka huɗun a sake suke, na juya su da yatsa. Ƙafar baya ta dama ma ba ta taka ƙasa sosai, ga sawun da injin ya bari a kan tayil inda yake jan jiki zuwa dama duk lokacin matsa.

Na ƙarshe zurfi. Daga bango zuwa bakin kabad mm 575. Sabon injin mm 550 ne, tsohon, bisa littafinsa da ke cikin durowa, mm 530. A bangon baya akwai bututun magudana mai kaurin mm 40 a tsaye, da maƙalansa ya cinye mm 45. Tsohon injin ya shige cif. Sabon ya tokari bututun, ya rage mm 20 a waje. Abin da ƙanwata ta gani tun ranar farko ke nan.

Muka zauna kan maganar ƙofar kanta. Na lissafa inda ramukan gaskiya za su faɗa, na ga duka biyun za su ci tsofaffin ramuka. Gefen hagu na wannan ƙofa ya gama aiki. Hanya uku ce a gabanmu. A sayo sabuwa, amma an daina yin irinta, ko an samu mai kama da ita launin ba zai zo ɗaya da waɗanda suka sha shekara goma na rana da tururi ba. A mayar da hinjis ɗin dama, tunda injin yana da ramuka a ɓangarorin biyu. Ƙanwata ta ƙi, kuma da hujjarta: murfin gilashin injin hagu yake buɗewa, ba a juya shi, in ƙofar katako ta buɗe dama za ta riƙa cusa kwandon wanki ne tsakanin ƙofofi biyu. Hanya ta uku ita ta kawo ta da kanta. Kabad na ƙarshe, wanda ke lungu kusa da firji, ƙofarsa girmansu ɗaya, hinjis ɗinta a dama suke, gefenta na hagu ba a taɓa huda shi ba. Tunda mariƙin a tsakiya yake, ana iya musanya su.

Rana ta 16, Laraba: mai gyaran famfo

Bututun magudana ba aikina ba ne, aka kira mai gyaran famfo. Ya cire bututun da ke bayan injin ya toshe wurin, ya huda gefen kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya zura tiyon magudana ta nan ya haɗa shi da bututun da ke ƙarƙashin kwamin wanke-wanke. Ya ɗaga tiyon sama ya ɗaure kafin ya sauko, don kada ruwan wanke-wanke ya koma cikin inji. Famfon da ke ba injin ruwa ma ya mayar da shi cikin kabad ɗin, inda hannu zai kai gare shi ba sai an jawo inji ba. Aikin bai kai awa biyu ba.

Rana ta 19, Asabar: zaunar da inji, sannan huda

Na yanko filawud mai kaurin mm 9, na shimfiɗa a kan simintin daga inda tayil ya ƙare zuwa bango, na manne shi. Ƙafafun baya na daidaita su tun injin yana waje, na kulle notukansu da sifana, domin in ya shiga hannu ba ya kai musu. Muka tura shi a hankali, yaron gidan na fari yana jan tiyo ta cikin kabad don kada su naɗe a baya. Fuskar injin ta zo daidai da bakin kabad na hagu da na dama. Na gyara ƙafafun gaba har ƙwayar iska ta tsaya a tsakiya ta kowace fuska, na danna kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta motsa, na kulle. Na bar 'yar tazara a kowane gefe don kada jikin inji ya taɓa kabad.

Kafin in taɓa ƙofa na ce a zuba tawul a kunna matsa. Muka tsaya muna kallo har ya kai ƙarshen gudunsa. Na sa alamar fensir a tayil gaban ƙafafun, da ya tsaya suna nan inda suke.

Daga nan na ɗaura hinjis a jikin inji na yi awo daga ƙarƙashin kanta, domin da ita sauran ƙofofin suka daidaita. Zuwa cibiyar hinjis na sama mm 208. Na cire mm 3 na tazara, ya zama 205 daga saman ƙofa. Na ƙasa, a ƙara 415, ya zama 620. Daga takardar awo abu biyu na ɗauka: nisan rami daga gefen ƙofa, mm 22, da wurin farantin maganaɗisu, wanda shi ma na saukar da shi mm 42.

Ban fara da ƙofar ba. Na samu guntun allo mai tsayi ɗaya da ita, na huda shi a waɗannan lambobi, na rataya. Samansa ya yi layi ɗaya da maƙwabta. Sannan na kwantar da ƙofar a kan bargo, fuska a ƙasa. Na yi amfani da bakin Forstner na mm 35, wanda ke yanka rami mai shimfiɗaɗɗen gindi kuma tsininsa gajere ne. Na naɗa salatif a jikinsa a matsayin alamar zurfi, ina huda kaɗan ina ɗagawa ina share gari ina gwada kofin, har ya nutse ya yi daidai da katako. Ramukan sukuru na fara buɗe su da siririn baki na mm 2, na ɗaure da hannu da sukudireba. Injin ɗaure sukuru yana wuce gona da iri a MDF kafin mutum ya ankara.

Maigidan ya riƙe ƙofar a kan littattafai da muka jera har tsayin mm 152, na ɗaure. Ta buɗe, ta rufe, maganaɗisu ya kama da 'yar ƙara. Na jawo aljihun sabulu, wanda ke sama ta hagu daf da hinjis, ya fito duka bai gogi ƙofa ba. Na buɗe murfin gilashi, shi ma ya wuce. Tsofaffin ramukan da ke gefen dama na rufe su da murafun roba masu faɗin mm 35. Allon ƙafafu na mayar da shi a kan maƙalansa ba tare da gam ko ƙusa ba, saboda matatar datti tana bayansa a ƙasan injin ta dama, kuma dole wata rana a buɗe ta.

Ƙofar da ta lalace na cike ramukanta da abin cike katako mai haɗi biyu, na huda gefenta na dama, na rataya ta a lungu. Hudar fuskar na danne ta, na shafa mata kakin gyaran kayan katako mai launin toka.

Bayan wata uku

Na koma a watan Janairu. Tazarar da ke tsakanin ƙofar da maƙwabtanta ba ta canza ba, alamar fensir tana nan gaban ƙafafu. Sukurun hinjis na ƙasa ɗaya ya ɗan saki, na ƙara masa rubu'in juyi. Ƙanwata ta ce ta daina tokare ƙofa da kujera, kuma yanzu tana iya yin waya a kicin inji yana matsa. Hudar da ke ƙofar lungu ana ganinta da safe in rana ta shigo ta taga, sauran yini sai wanda ya san tana nan.

Abin da ya sa aka sha wuya, da abin da ya yi aiki

Kwana goma sha biyu ana fama da ƙofa, alhali uku daga cikin matsaloli huɗun a bayan inji da ƙarƙashinsa suke: bututun da ya hana shi shiga, tayil da bai kai bango ba, da notukan da ba a kulle ba. Ko da an huda ramukan daidai tun ranar Lahadin farko, ƙofar za ta turo waje da mm 20, ta karkace, girgiza kuma ta ci sukurorinta a hankali. Abin da ya gyara aikin shi ne an zaunar da injin a inda zai dawwama, an gwada shi da matsa, sannan aka ɗauki awo daga kanta da ƙofofin da ke gefe. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma da maƙwabtanta yake gwada ƙofa.

Ban ga laifin ma'aikatan da suka ƙi huda ƙofa ba, wanda bai zo da kayan aikin ba gara ya bari. Inda suka gaza shi ne tafiya ba su kulle ƙafafu ba, ba su kuma faɗa wa masu gida cewa injin ya tokari bututu ba, aikin da bai fi minti biyar ba. Maigidan ya yi kuskure biyu na wanda bai saba ba: bakin huda mai dogon tsini, da ci gaba bayan ya ga sabon rami zai ci tsohon. Takardar awon lambobinta daidai suke, tazarar 415 da nisan 22 duk da su na yi aiki. Tsayin ne kawai ba za ta iya sani ba, tunda ba ta san kicin ɗin da za a kai ta ba.

Ni ma ina da kasona, kuma ya fi damuna. Ranar da maigidan ya kira ni ya ce akwai takarda, na san kantar Ingila ta fi injin tsayi, na sha ganin haka a wasu gidaje. Da na ce masa ya auna daga saman inji zuwa ƙarƙashin kanta kafin ya huda, da ya ce min 45, da na hana shi taɓa ƙofar har in zo. Ban tambaya ba, na ce ya bi takarda. Shi ya sa da na gama ranar Asabar ɗin na rubuta 205 da 620 da 22 da fensir a bayan sabuwar ƙofar, na ƙara da cewa daga saman ƙofa aka auna, inji yana mm 825 daga ƙasa.